Tarwada a Ƙofar Zaɓe

Muna tsaye a cikin tafkin iyo na garinmu Larkin Ferry, can ɓangaren da ya fi zurfi, Delphine Rasch ta gaya mini za ta bar garin. Babu ruwa a tafkin a lokacin, shi ya sa nake raye har nake ba da labari, domin ni ban iya iyo ba, kuma duk garin an sani.

Ita ce mai kula da tafkin, ita ke koya wa yara iyo in zafi ya shigo. Ranar tana share busassun ganye da doguwar tsintsiya, ni kuwa na zo ne wai in kawo mata littafin da ba ta tambaya ba daga laburaren da nake aiki. Wannan shi ne littafi na ban san ko nawa ba da na kawo mata, kuma har zuwa ranar ban taɓa samun bakin da zan faɗa mata dalilin zuwana ba.

Ta nuna mini tsagar da ta taso daga gindin tsani ta bi bango har magudana. Ta ce, "Ka ga wannan? In Tambaya ta Biyu ta faɗi, majalisar gari za ta cike wurin nan da ƙasa a shuka ciyawa. Ni kuwa an yi mini tayin aiki a Omaha. Sun ce in ba su amsa washegarin zaɓe."

Omaha! Ban taɓa ƙin wani gari ba kamar yadda na ƙi Omaha a wannan daƙiƙa. Na ji kamar tsagar nan ta bar bango ta shigo ƙirjina.

Na ce, "Ba za ta faɗi ba."

Ta jingina da tsintsiya ta dube ni. "Wendell, zaɓen Afrilu ne fa. Wa ke fitowa zaɓen Afrilu? Tsofaffi ne kawai, su ma don akwai kofi kyauta. Suna ganin kalmar haraji za su dangwala A'a tun kafin su sa tabarau."

Gaskiya ta faɗa. Tambaya ta Biyu ba wani dogon zance ba ce: a ƙara rabin senti a kan kowace dala da mutum ya kashe a shagunan garin, a gyara tafki, a cike ramukan titi, a saya wa 'yan kwana-kwana mota. An taɓa kawo ta sau biyu a baya, sau biyun tana shan kaye. Masu yaran da ke iyo a tafkin suna can wurin aiki ranar Talatar da ake jefa ƙuri'a, ba sa ma tuna ana wani zaɓe.

Na ɗora hannu a ƙirji, a cikin tafkin da babu ruwa, na ce, "Delphine, zan sa garin nan ya tuna. Kuma ƙuri'ata taki ce."

Ta ce, "To, madalla. Ɗaga ƙafarka, ka taka mini ganye."

A ɗakin ajiya na laburare akwai wata tsohuwar rigar tarwada da ake sawa a bikin kogi a da, kafin mai sawar ya koma Florida. Ƙatuwa ce, an yi ta da soson katifa da waya, ta fi mutum tsawo da kamu uku, ga gashin baki na roba zako-zako, ga ƙayoyin gefe biyu da suka karkata baya. Mai sawa ta bakinta yake leƙe. Na kakkaɓe mata ƙura, na rubuta E, kishiyar A'a, da farin fenti a cikinta, na rubuta a bayanta, na ƙara a wutsiya don masu zuwa ta baya.

Fentin a shagon Kawu Orville na saya, tunda babu wani shagon fenti a garin. Kawu Orville Stumpf wan mahaifiyata ne, shi ne shugaban 'yan kwana-kwana na sa-kai, shi ne kuma jagoran masu cewa A'a. Allunan A'a da ke kafe a gaban gidaje duk a bayan shagonsa aka buga su.

Ya juya gwangwanin a hannunsa ya ce, "Farin fenti. Me ɗan laburare zai yi da farin fenti?"

"Aiki zan yi, Kawu."

"Aiki. Na ji an ce kana bin 'yar tafki da littattafai kamar mai tallan magani." Ya tura mini gwangwanin. "Saurara, Wendell. Ka san babban kantin nan na ƙetaren gada? In aka ƙara haraji a nan, mutum zai tuƙa mota ya ƙona man dala biyu don kada ya biya ƙarin senti biyar a kan guduma. Na san mutanen garin nan, ni na sayar wa ubanninsu ƙusa. Ku sami tafki, ni in rufe shago?"

Shi ma tsoronsa na gaske ne. Sai na ce, "Ai motar kashe gobarar taka ce za a canja."

"Me motata ta yi? Motar nan ta girme ka, kuma ta fi ka lafiya."

Mako biyu na yi ina tsayawa a mararrabar gidan waya cikin tarwada, safe da yamma, ina ɗaga wa motoci ƙaya. Yara suna ihu, karnuka suna bina, wata tsohuwa ta jefe ni da guntun burodi ta tagar mota. Cikin rigar kuwa zafi ne kamar tanda, har na daina sa komai a ciki sai gajeren wandon iyo, irin wanda kwamitinmu na masu cewa E ya buga don kamfe. Delphine takan wuce a kan kekenta ta buga mini ƙararrawa. Wannan ƙararrawa ita ce abincina na mako biyu.

Ranar zaɓe na fito tun da sanyin safiya. Na yi rawa, na yi tsalle, na rusuna wa motar ɗaukar shara. Rana ta yi, ta karkata, ta fara ja. Sai ga Delphine ta tsaya da kekenta a gabana, fuskarta ba walwala.

Ta ce, "Daga cocin da ake zaɓe nake. Gwaggonka mai kula da wurin ta ce waɗanda suka zo duk yau ba su kai cikin motar makaranta ba, kuma rabinsu abokan Kawunka ne." Sannan ta leƙo cikin bakin tarwadar. "Ina sitikarka?"

"Wace sitika?"

"Ta waɗanda suka yi zaɓe. Wendell, kai ka yi zaɓen kuwa?"

Na yini ina kiran gari zuwa zaɓe, ni kaina ban je ba. Ƙarfe bakwai ake rufewa. Na ce mata yanzun nan, na miƙa hannu ta cikin rigar in ja zif ɗin baya. Zif ya ce bai san zancen ba. Ta ja, na ja, ta sa haƙori, ko motsi bai yi ba. Fentin da na shafa ya bushe a kansa ya zama dutse.

Ta ce, "Bari in je gida in ɗauko almakashi. Kada ka motsa daga nan."

Da na ji maganarta. Amma mutumin da ya cika kansa da labaran jarumai ba ya tsayawa a mararraba yana jiran almakashi. Tana ɓacewa na kama hanyar cocin Saint Brendan da gudu, irin gudun da tarwada za ta iya yi da silifas.

A ɗakin ƙasa na cocin ake zaɓe tun kafin a haife ni, ɗakin da ake suyar kifi duk Juma'a lokacin azumin Ista. Ana sauka 'yan matakala a tarar da wata ƙaramar ƙofa mai koren fenti. Kafin matakalar akwai layin alli da aka ja a ƙasa, daga nan ciki ba kamfe: ba allo, ba takarda, ba riga mai rubutu. Wanda ya zo da rigar kamfe, ya juya ta bai-bai ko ya rufe da kwat. Kowa ya san wannan, kuma mai tsaron dokar ita ce Gwaggo Ardith Oberkrom, yayar mahaifina, wadda ta taɓa mayar da shi kansa Fada, limamin cocin, gida saboda wani ɗan maɓalli a hularsa.

Na tsallake layin alli, na sauka matakala, na sunkuyar da kan tarwadar saboda ƙofar gajeriya ce, na cusa. Kai ya shiga. Ƙayoyin gefe suka lanƙwashe suka shige, suka buɗe a ciki, fat! Sai na ga takalman Gwaggo a gabana.

Ta ce, "Tsaya nan. Wane ne a ciki?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Na san kai ne, doka ce ta ce in tambaya. Wendell, mene ne wannan a cikinka?"

"Harafi ne kawai."

"Harafin kamfe ne. Juya rigar bai-bai."

"Gwaggo, kifi ne fa. Yaya ake juya kifi bai-bai?"

"Wannan ba matsalar hukumar zaɓe ba ce. Koma bayan layi ka tuɓe, ka dawo kamar mutum."

"Zif ɗin ya ƙi."

"To ka ƙi tare da shi, amma a bayan layi."

Na ja da baya. Ƙayoyin nan da suka shiga salin-alin suka tokare jikin ƙofa ta ciki. Na turo gaba, cikin tarwadar ya fi ƙofar faɗi. Na sake ja, na sake turawa. Soso ya yi wata ƙara kamar alade, daga nan ban ƙara motsi ba. Kaina a wurin zaɓe, wutsiyata a kan matakala, ni a tsakiya a sunkuye kamar mai neman allura.

Gwaggo ta cire tabarau ta goge ta mayar. Wasu tsofaffi biyu da ke taya ta aiki suka ajiye kofunan kofi. Ta ce, "Shekara talatin ina wannan aiki." Ba ta ƙarasa ba. Ta je ta yaye mayafin teburin kek ta ɗaura mini a wuya kamar za a yi mini aski, don ya rufe E na ciki. Ta aiki ɗaya daga cikin tsofaffin ya zagaya ta ƙofar kicin ya lulluɓe bayana da wutsiya da labulen taga. Sannan ta rubuta a kwali da babban baƙi cewa masu zaɓe su bi ta kicin, ta ɗauki waya ta kira 'yan kwana-kwana.

Ban san wanda ya fara ɗaukar hoto ba. Na dai ji muryoyi suna ƙaruwa a bayana, ana dariya, wani yaro yana ja mini wutsiya yana cewa ya kama babba. Kafin a jima hoton ya shiga kowace waya a garin: ƙafafu biyu farare sol da silifas, a ƙarƙashin labule mai furanni. Lokacin tashi daga aiki ne. Masu komawa gida suka karkato da motoci, masu shagon aski suka fito da tawul a wuya, 'yan wasan ƙwallo suka zo da iyayensu.

Amma daga waje ba a ganin komai sai wutsiya. Sai wani ya ce ai fuskar tana ciki, kuma an ce fuskar ta fi ban dariya. Nan take jama'a suka yi ƙofar kicin.

A can suka tarar da Gwaggo, ta riƙe ƙugu. Ina jin muryarta tar.

"Ina zuwa? Nan wurin zaɓe ne, ba gidan kallon dabbobi ba. Ba mai shiga sai mai jefa ƙuri'a."

Wani ya ce, "Haba Mis Ardith, leƙawa kawai za mu yi."

"Kai ba Tobias ɗan gidan Vogel ba ne? Kana da rajista, ni na yi maka da hannuna. Shekara nawa rabonka da nan? In kana son ganin kifi, karɓi takarda."

Ya karɓa. Na bayansa ma ya karɓa. Layi ya miƙe daga kicin ya fita har wurin ajiye motoci. Kowa ya shigo sai ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya tafi bayan labulen zaɓe yana riƙe ciki, ya fito ya sake kallo. Wasu suka riƙa karanta takardar a hankali, harafi-harafi, don kada a kore su da wuri. Wata mata mai 'yan biyu ta ɗago kai daga takardarta ta ce, "Au, wai tafkin ne za a rufe? Ba wanda ya gaya mini!" Ni da na yi mako biyu ina rawa a gaban motarta.

Gwaggo ta ce, "Ba a magana a kan tambaya a cikin ɗakin nan."

Sai muka ji jiniya, amma wata irin jiniya mai tafiyar hawainiya. Daga inda nake ba na ganin titi, sai dai waɗanda ke waje suka riƙa ba na ciki labari ta taga. Motar kashe gobara ce ta shawo kwana, maza huɗu da hulunan kwano suna tura ta, Kawu Orville yana ciki yana riƙe da sitiyari, yana kaɗa jiniya da hannu. Ta mutu ne tun a gaban gidan mai. Rabin garin yana tsaye a layin zaɓe yana kallo.

Kawu ya shigo ta kicin yana haki, gatari a kafaɗa. Kafin kowa ya yi magana ya ce, "Batir ne kawai."

Gwaggo ta ce, "Ba wanda ya tambaye ka, Orville."

"Na ga bakinki yana shirin tambaya." Ya durƙusa a gabana ya leƙo cikin bakin tarwadar. "Sannu, ɗan ƙanwata. Ashe aikin da za a yi da farin fenti ke nan."

"Kawu, don Allah fitar da ni. An kusa rufewa."

Ya shafa gemu. "Zan fitar da kai. Amma ka san aikin ceto akwai wahala. In na cece ka, me za ka dangwala?"

Gwaggo ta buga tebur. "Orville Stumpf! Sayen ƙuri'a a gabana?"

"Wasa nake da yaro, Ardith. Ke tun muna aji uku ba ki san wasa ba."

"Tun muna aji uku kake satar amsa. Ajiye gatarin nan, ƙofar coci ce, ba za ka sare ta ba."

"To in sare kifin."

"Akwai mai zaɓe a ciki."

Suna cikin haka jama'a suka dare, sai ga Delphine. Gashinta ya warware saboda gudun keke, almakashi a hannu ɗaya, numfashinta sama-sama. Ta dube ni, ta dubi mayafin tebur a wuyana, ta dubi layin mutanen da ya cika ɗakin ya fita waje. Na ga bakinta yana rawa, ban sani ba ko kuka za ta yi ko dariya.

Ta ce, "Na ce kada ka motsa."

"Ai ga shi ban motsa ba."

Almakashin bai yi amfani ba, zif ɗin yana daidai inda ƙofa ta matse. Ta tsaya tana tunani, sai idonta ya faɗa kan kicin. Ta shiga ta fito da jarkar man suyar kifin Juma'a. Ta ce wa Kawu ya kai mutanensa waje su tura ta wutsiya in ta ba da umarni, na ciki kuma su kama gashin baki su ja. Sannan ta durƙusa ta fara shafa mai a gefen tarwadar da jikin ƙofa, fuskarta dab da tawa.

Ban taɓa kusantar ta haka ba. Tana ƙamshin sabulu da man gyaɗa. Na ce a raina, gobe war haka wataƙila ta amsa wa Omaha. In ban faɗa yanzu ba, sai yaushe? Gudu dai ba zan iya ba, ita ma aiki ya riƙe ta.

Na ce, "Delphine."

"Ja cikinka."

"Na ja. Delphine, littattafan nan da nake kawo miki…"

"Na sani, ban karanta ko ɗaya ba. Da su nake tokare ƙofar ɗakin famfo."

"Ba don ki karanta nake kawowa ba. Don in gan ki ne. Tun ranar da na fara ganinki a bakin tafki…"

Gwaggo ta ce, "Kamfe."

"Gwaggo, ba kamfe nake ba!"

"Ka ambaci tafki. Tafki yana cikin tambaya."

Ɗakin ya yi tsit. Har masu bayan labule suka leƙo da alƙaluma a hannu. Na sake farawa.

"Delphine, idanunki kamar ruwa mai…"

"Wane ruwa?" in ji Gwaggo.

"Na kogi, Gwaggo!"

"Kogi ba ya cikin tambaya. Ci gaba."

"Zuciyata tana ci da wuta…"

Daga waje Kawu ya ɗaga murya, "Ardith, ya taɓo kashe gobara!"

"Na ji. Wendell, bar zancen wuta."

"Hanyar da na biyo kafin in…"

"Titi ma yana ciki."

Hawaye suka cika mini ido, na gaske, suka gangaro suka haɗu da gumi. Duk kalmomin da na tara shekara da shekaru, na dare da wata, na teku da jirage, Gwaggo ta bi su ɗaya-ɗaya ta kwashe. Abin da ya rage mini kaɗan ne, sai na faɗe shi haka nan.

"Ina son ki. Kada ki tafi."

Kowa ya juya ya dubi Gwaggo. Ta ɗan yi nazari, ta ce, "Wannan ba ya cikin tambaya."

 Kunnuwan Delphine suka yi ja. Ta juye sauran man gaba ɗaya a kafaɗar tarwadar, ta miƙe, ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito irin na bakin tafki, ta ce, "Ku tura!"

Maza huɗu suka tura, mutum goma suka ja. Soso ya yi kuka, ƙofa ta yi kuka, ni ma na yi. Sai ji na yi fulk! Na fito kamar ƙwallon mangwaro daga hannun yaro, na zame a kan cikina tun daga bakin ƙofa har gaban teburin masu zaɓe, mayafin kek yana bina. Ɗakin ya kaure da tafi. Wani ya ce a kawo garin masara a soya kifin, an riga an sa mai.

Gwaggo ta dubi agogon bango. Ta ce, "Bakwai ta yi. A rufe ƙofa. Wanda ke cikin layi zai yi zaɓe."

Kawu ya shigo yana goge hannu. "Shi wannan ba ya cikin layi ai. A kwance yake."

"Kansa yana cikin ɗakin nan tun kafin ka turo akwalar motarka. Yana cikin layi. Amma ba zai karɓi takarda a cikin kifi ba."

Kawu ya tsaya a kaina. Ya dube ni, ya dubi Delphine da ke tsaye da jarka a hannu, ya yi dogon tsaki. Sannan ya zaro filaya daga aljihun baya, ya kama zif ɗin, ya murɗe shi da ƙarfi ɗaya. Ya ce, "Fito. Uwarka ba za ta bar ni in sha ruwa ba in ta ji na bar ka a ciki."

Na fito daga cikin tarwada, jiƙe sharkaf, ina sheƙi. Iska mai sanyi ta buge ni, na ji kamar yau aka haife ni. Sai na lura ɗakin ya sake yin tsit, kuma duk idanu sun sauka ƙasa da cibiyata. Na duba. Wandon iyon kwamiti ne, shuɗi, an buga masa E ƙanana-ƙanana tun daga ƙugu har cinya.

Gwaggo ta buɗe baki.

Na ce, "Gwaggo, don girman Allah kada ki ce in juya shi."

Ba ta ce ba. Ta aika aka ɗauko mini rigar 'yan waƙar coci daga sama, doguwa ja mai farin wuya. A cikinta na yi zaɓe, ba takalmi, bayan na wanke hannu sau biyu don kada mai ya ɓata takarda. Na cike ɗan da'irar E a hankali, kamar mai zana zuciyarsa. Gwaggo da kanta ta manna mini sitika a ƙirji, ta ɗan daddanna ta fiye da yadda ake bukata.

Da safe aka liƙa sakamako a ƙofar majalisar gari. Ban je na duba ba. Na tafi tafki na zauna a bakin ɓangaren yara, na zura ƙafa a inda ruwa ya kamata ya kasance. Har yanzu ina warin suya, kuliyoyi biyu sun rako ni tun daga gida.

Na ji ƙararrawar keke. Delphine ta jingine shi da shinge ta zo ta zauna kusa da ni, ta yi shiru har na fara shirya yadda zan rayu ba ita, da irin wasiƙun da zan rubuta, da yadda zan tsufa a laburare.

Ta ce, "Ta wuce."

"Wa ta wuce?"

"Tambayar, Wendell. Ba da yawa ba, amma ta wuce. Gwaggonka ta ce ba a taɓa fitowa zaɓen Afrilu haka ba, har takardu suka kusa ƙarewa. Na biyo ta shagon Kawunka, yana can yana gaya wa kowa cewa kifi ya yi maguɗi. Amma na gan shi da hoton sabuwar motar kashe gobara a ƙarƙashin kanta. Kuma Tobias Vogel ya sa mutane sun yi masa alkawarin ba mai ƙetare gada don guduma."

Na ce, "Omaha fa?"

"Na kira su, na ce ba zan zo ba." Ta tsinci wani busasshen ganye tana juya shi. "Ka sani, da ta faɗi da na tafi. Da gaske nake. Da na tafi ina jin haushinka, mutum ya yi shekara biyu yana kawo mini littattafai, bai iya buɗe baki ba sai da ƙofa ta matse shi."

Zuciyata ta yi tsalle ta buga haƙarƙari. Na miƙe tsaye, na buɗe hannuwa, na ji kalmomin nan duka sun dawo, teku da wata da jirage, ba Gwaggo a kusa.

"Delphine, yau rana ta…"

"Zauna." Ta ja rigata na zauna. "Ranar da aka zuba ruwa a nan, ƙarfe tara, kai ne ɗalibina na farko. Ajin 'yan shekara biyar. Ba zan yi yawo da mutumin da garin nan ke kira Tarwada ba alhali in ya faɗa baho sai an kira Kawunsa."

Na ce, "Akwai zurfi?"

Ta nuna gwiwarta. Sannan ta matso ta jingina kanta a kafaɗata, ta shinshina, ta ɗago.

"Juma'a akwai suyar kifi a coci," in ji ta. "Za ka kai ni. Amma Fada ya ce sai ka zo da jarkar mai."